Ƙurji a Gaba Bayan Saduwa: Jita-jita da Gaskiyar Cutar Harfis

Duk wanda ke zama a majalisun Gwallaga a garin Bauchi da yamma, ko ya bi ta Kasuwar Wunti lokacin da masu maganin gargajiya suka kunna lasifika, ya san kalma ɗaya ake lulluɓe duk wata cutar al'aura da ita: sanyi. Ƙaiƙayi sanyi, ƙurji sanyi, zafin fitsari sanyi. Yanzu waya ta ƙaro wani suna, harfis. Mutum ya yi saduwar da hankalinsa bai kwanta da ita ba, ya wayi gari yana jin wani abu a gabansa, ya shiga intanet ya ga hotuna, daga nan barci ya ƙaurace masa. Kunya ta hana shi asibiti, sai kemis. Don irin wannan mutumin nake rubutu, domin yawancin abin da ke firgita shi ƙarya ne, kuma ba a gaya masa abin da ke buƙatar gaggawa.

Magana ta farko ita ce ta "jiya na sadu, yau na ga alama". Harfis ba ta bayyana cikin awanni. Tana ɗaukar kwana 2 zuwa 12, galibi wajen kwana 4. Raɗaɗin da aka tashi da shi washegari ya fi kama da gogayyar fata, ko askin mara, ko ƙurajen zafi irin na bazarar Bauchi, ko aikin Dettol da sabulu mai ƙarfi da mai tsoro ya dirje jikinsa da su. Yawan dubawa da matsa wurin ma yana sa fata ta yi ja. Harfis ta gaske ƙananan ƙuraje ne masu ruwa, a cure wuri ɗaya, su fashe su zama gyambo mai zafi. A karon farko sukan zo da zazzaɓi, ciwon jiki, kaluluwa da zafin fitsari, su warke cikin mako 2 zuwa 4. Gyambo guda ɗaya marar zafi da ya fito bayan kamar mako 3 ya fi nuna tunjere, wanda allurar fenisilin ke warkarwa. Fitar mugunya daga mazakuta kuwa alamar sanyin gaske ce, gonoriya ko dangoginta.

Ana kuma cewa harfis cutar mata masu zaman kansu ce. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da nau'in farko, HSV-1. Shi ne ke kawo ƙurajen nan da ke feso wa mutum a gefen leɓe bayan zazzaɓi, wanda yawancinmu tun muna yara muka ɗauka, kuma yana iya komawa al'aura ta saduwar baki. Nau'i na biyu, HSV-2, yana jikin mutum miliyan 520 'yan shekara 15 zuwa 49, kuma a Afirka ya fi yawa. Mafi yawansu ba su taɓa ganin ƙurji ba, ba su ma san suna da ita ba.

A nan nake so ma'aurata su tsaya da kyau. Ƙwayar tana iya kwanciya shekaru a jiki ba motsi, rana ɗaya ta fito bayan rashin lafiya ko damuwa. Magidancin da ya ga ƙurji a jikin matarsa ba shi da hujjar cewa ta ci amanarsa, haka ita ma game da shi. Mai yiwuwa daga auren baya aka taho da ita, mai yiwuwa shi mai zargin ne ya kawo ta bai sani ba. Gwajin da aka saba yi kafin ɗaurin aure na ƙanjamau ne da sikila da makamantansu, harfis ba ta cikinsa. Zargin zina abu ne mai nauyi a addini, kuma ƙurji ba shaida ba ne.

Sai batun magani. Shan Ampiclox bayan saduwa ba ya hana harfis, ba ya warkar da ita, domin ƙwayar bairas ce, maganin bakteriya bai shafe ta ba. Abin da yake yi shi ne ya ɓata sakamakon gwajin gonoriya, ya kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Mai jarkar "wankin jini" yana cin sa'ar abu ɗaya: ƙurjin da kansa yake warkewa, sai a ce maganinsa ne. Gaskiya ne cewa har yau ba maganin da ke fitar da ƙwayar gaba ɗaya, tana ɓuya ne a jijiyoyin da ke kusa da ƙashin baya. Amma akwai acyclovir, wanda ake amfani da shi tun farkon shekarun 1980, da ɗan'uwansa valacyclovir. Suna rage zafi da tsawon ciwon in an fara da wuri, kuma wanda take yawan dawo masa likita kan ɗora shi a kan na kullum. Dawowar ba ta kai karon farko zafi, tana kuma raguwa da shekaru. Masu ita suna aure, suna haihuwa.

Ba a ɗaukar ta a bakin masai, fata da fata ne. Ba ta hana haihuwa. Gonoriya da kilamidiya da aka bari ba magani su ke toshe wa mace hanyar ƙwai.

Abu biyu da ake faɗa gaskiya ne, kuma ba na wasa ba. Mai juna biyu da ta kamu a watannin ƙarshe tana iya sa wa jariri lokacin haihuwa, kuma a jikin jariri cutar tana kisa. Duk wadda ta taɓa ganin irin ƙurjin nan, ko mijinta ya gani, ta faɗa a wurin awo. Ana ba da acyclovir daga mako na 36, in kuma akwai gyambo ranar naƙuda a yi aiki a ciro yaron. Na biyu, mai HSV-2 ya ninka wanda ba shi da ita kusan sau 3 wajen haɗarin kamuwa da ƙanjamau.

Ƙanjamau ɗin ce ke da agogo. Wanda ya sadu ba kwaroron roba da wanda bai san matsayinsa ba yana da awa 72 kacal ya fara maganin kariya da ake kira PEP, a sha kwana 28. Kwana ukun nan da ake ɓatawa ana haska gaba da fitilar waya su ne ya kamata a je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko Asibitin Ƙwararru na Bauchi. Ma'aikacin lafiya amana ce a wuyansa ya rufe sirrin majinyaci.

In ƙurji ya fito, a je yana ɗanye, kafin ya bushe, kada a shafa toka ko man goge baki, domin da ido da kuma ruwan ƙurjin ake tantancewa. Gwajin jinin harfis a makon farko ba ya nuna sabon kamu, jiki kan ɗauki har wata 3 ko fiye kafin alamar ta bayyana a jini. A dakatar da saduwa har gyambon ya warke sarai. Kwaroron roba yana rage yaɗuwa, sai dai bai rufe dukkan fatar wurin ba, kuma ana iya yaɗa ta ko ba ƙurji, don haka abokin zama yana da haƙƙin a gaya masa, a je wurin likita tare.