Kwamfutar da Ba Ta da Faifai, Kuma Tana Aiki

Sau da yawa idan kwamfuta ta tsufa, faifan ajiya ne kan fara mutuwa, musamman irin na da mai juyawa, wanda zafi da yawan ɗaukewar wuta ke gajarta masa kwana. Sauran kayan cikin suna nan garau, amma sai a jingine ta a lungu tana cin ƙura. Abin takaici ne, domin kwamfuta na iya tashi ta yi aiki babu faifai ko ɗaya a cikinta, muddin akwai wata a gidan da za ta miƙo mata babbar manhaja ta wayar sadarwa.

Dabarar ta daɗe. Tun a shekarun 1980 kamfanin Sun Microsystems na Amurka yake sayar da kwamfutoci marasa faifai, kuma shi ya ƙirƙiro NFS a 1984, tsarin da ke sa kwamfuta ta riƙi faifan wata tamkar nata. Daga baya Intel ya fito da PXE, tsarin tayar da kwamfuta ta waya, wanda zubinsa na 2.1 ya bayyana a 1999. Yau da wuya ka sami kwamfutar tebur mai ramin wayar sadarwa da ba ta da shi, sai dai a tarar an kashe shi a saitin BIOS.

Ga abin da ke faruwa idan aka danna maɓalli. Kwamfutar ba ta san komai ba, ko adireshinta, don haka sai ta yi cigiya ga duk na'urorin da ke kan layin. Mai raba adireshi, wato DHCP, ya amsa mata da lamba, ya gaya mata inda uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe da manhajar, take da kuma sunan fayil ɗin da za ta nema. Ta jawo wannan ɗan fayil ta wata hanyar aika fayil mai suna TFTP, shi kuma ya jawo zuciyar Linux, sannan a jona sauran manhajar ta NFS. Sai kawai ka ga allon shiga ya fito.

A gida, matakin farkon nan ne ke ba mutane ciwon kai. Rautar da ke kawo intanet ita ma tana raba adireshi, kuma yawancin irinta ba su san zancen fayil ɗin tashi ba. Mai gaggawa sai ya kunna DHCP na biyu a kan uwar garke. Nan take sai masu amsa su zama biyu, wayoyin mutanen gida su fara rasa intanet, ba a san dalili ba. Maganin yana cikin wata ƙaramar manhaja mai suna dnsmasq, wadda Simon Kelley ya rubuta. Ana iya saita ta ta bar wa rauta aikin raba adireshi, ita kuma ta ƙara bayanin tashi kaɗai, kuma tana da TFTP nata. A ganina duk mai son gwadawa daga nan ya kamata ya fara.

TFTP yana da nawa. A tsarinsa na asali bayit 512 yake aikowa, ya tsaya jiran amsa kafin ya ƙaro, kamar mai cika randa da ludayi. Shi ya sa masu gwaninta ke sa shi ya kawo wata ƙaramar manhajar tashi mai suna iPXE kawai, sauran kuma a jawo ta HTTP. Haka kuma fayil ɗin tsohuwar BIOS daban yake da na UEFI, wadda ta gaje ta. Idan aka ba kwamfuta wanda ba nata ba, sai ta tsaya cik. Wi-Fi kuwa a manta da shi, waya ake ja, kuma ta gigabit ta fi.

Wanda ba ya son haɗa komai da hannu yana da LTSP, tsarin da ke haɗa masa waɗannan abubuwa, wanda aka fara a 1999 kuma makarantu da dama suka amfana da shi. Ko 'yar ƙaramar Raspberry Pi, tun daga samfurin 3B na 2016, tana iya tashi ta waya ba tare da kati ba.

Ribar a fili take: manhaja ɗaya za ka sabunta, wuri ɗaya za ka ajiye fayilolin yara, kuma kowa ya zauna a kowace kwamfuta zai tarar da kayansa. Sai dai idan uwar garke ta mutu, duk sauran sun mutu tare da ita. Don haka kuɗin faifan da aka huta saya, a sa shi a batirin da zai riƙe uwar garke da rauta idan an ɗauke wuta, da faifai na biyu da za a riƙa kwafe komai a kai.