Rariyar Ban Ruwa Da Irin Albasa

A Gangara, ƙasar Sabon Birnin Gobir, da damina ta ɗauke sai manoma su sauka fadama su yafa irin albasa. Ƙwayar nan kuwa ƙarama ce ƙwarai, ba a binne ta da zurfi, watau ba ta jure ruwa mai ƙarfi. Don haka ake sa wa butar ban ruwa kai mai ƙananan huji, ruwa ya riƙa sauka kamar yayyafi. 'Yar'uwarta ce rariyar bakin famfon gida, mai gauraya ruwa da iska don kada ya fantsama.

To, ruwan fadama ba ya rabuwa da yashi, wani kuma yakan bar farin ɓawo irin na cikin butar shayi. Su ke toshe hujin. Sai manomi ya ƙosa, ya cire kan, ya kwarara ruwa haka nan. Iri ya taru gefe guda, tsiro ya kwanta. Kafin a sake yafawa dashe ya makara, albasarsa ta iske kasuwa ta cika.

Gyaran kuwa ba wuya. A kwance rariyar, a kife ta a kakkaɓe yashin, ta kwana cikin ruwan tsamiya ko na lemun tsami, sa'an nan a goge da tsohon buroshi. Ban da ƙusa, tana faɗaɗa huji. Mai famfo ya lura da 'yar robar ciki, in ta ɓace sai yoyo ta gefe.