Sama Ko Ƙasa: Ina Ya Dace A Ajiye Wa Tsuntsaye Tsaba Da Ruwa?

Daga watan Maris zuwa ƙarshen Mayu, lokacin da bazara ta kankama a ƙasar Daura, kududdufai sukan ƙafe, ciyawa ta ƙare, zafin rana kuwa yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Idan aka ɗebe madatsun ruwa irin su Sabke da Daberam, babu inda tsuntsu zai sami ruwa a sarari sai bakin rijiya da gindin famfo da kuma gidajen mutane. Shi ya sa tun daga cikin birnin Daura har ƙauyukan Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa ake samun gidajen da sukan ajiye kaskon ruwa, ko su watsa 'yar tsaba a tsakar gida, don tsuntsaye su samu. Wannan al'ada ce mai kyau. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba, watau a wane tsayi ya kamata a ajiye kaskon? Amsar tana da muhimmanci, domin kaskon da aka ajiye a inda bai dace ba yakan zama tarko, ya tara tsuntsaye wuri ɗaya don kyanwa ta ci, ko cuta ta kama su.

Kowane Tsuntsu Da Inda Yake Kiwo

Abu na farko da ɗalibin ilmin halittu zai lura da shi shi ne, tsuntsaye ba sa neman abinci a tsayi ɗaya. Kurciya da tattabara da hasbiya a ƙasa suke tsince-tsince, suna tafe suna caccakar tsaba. Haka ma baiwar Allah, 'yar jar tsuntsuwar nan da ke shiga har cikin ɗaki, wadda nauyinta bai wuce giram 10 ba. Gwara da marai suna ci a ƙasa, suna kuma iya maƙalewa a kan zangarniya ko reshe su ci. Tsattsewa kuwa a sararin sama take cafke ƙwari, saboda haka babu ruwanta da kaskon kowa.

Masana sun daɗe da gane cewa wannan rabon wuri shi ke sa tsuntsaye iri-iri su zauna tare ba tare da wani ya kori wani ba. A shekarar 1958 wani masani ɗan Amurka mai suna Robert MacArthur ya bayyana sakamakon nazarin da ya yi a kan wasu ƙananan tsuntsaye iri biyar masu kama da juna, waɗanda ke cin ƙwari a kan itatuwa iri ɗaya. Ya gano cewa kowane iri yana da sashen itacen da ya fi zama, wani a ƙololuwa, wani a tsakiya, wani a rassan ƙasa. Darasin da ke nan shi ne, wanda ya zaɓi tsayin da zai rataya kasko ya riga ya zaɓi baƙin da za su zo masa, ko ya sani ko bai sani ba.

Haɗarin Ƙasa

Tun da yawancin masu cin tsaba a ƙasa suke kiwo, mai karatu zai iya cewa ai sai a zuba masu a ƙasa a huta. Matsalar ita ce tsakar gida ba daji ba ce. A daji tsaba a warwatse take, tsuntsu ba ya komawa wuri ɗaya kullum a lokaci ɗaya. A gida kuwa kyanwa takan gane wurin da lokacin cikin 'yan kwanaki, sai ta laɓe bayan turmi ko randa ta jira. Ɓarnar kyanwa ba ƙarama ba ce: wani bincike da Scott Loss da abokan aikinsa suka wallafa a 2013 ya ƙiyasta cewa a Amurka kaɗai kyanwoyi na kashe tsuntsaye tsakanin biliyan 1.3 da biliyan 4 a kowace shekara. Bayan kyanwa akwai kaji da awaki da za su cinye tsabar kafin baƙi su iso, da dare kuma ɓera da gafiya su zo kalen abin da ya rage, maciji ya biyo sawun ɓera.

Akwai kuma batun zafi. Da tsakar rana rairayi yana ɗaukar zafi fiye da iskar da ke bisansa nesa ba kusa ba, har yakan kai digiri 60 alhali iska tana wajen 40. Wannan ne dalilin da ya sa masu auna yanayi ba sa ajiye ma'aunin zafi a ƙasa, sai su ɗaga shi tsakanin mita 1.25 da mita 2. Ruwan da ke cikin kasko a kan rairayi yakan yi zafi ya ƙafe da wuri. Tsuntsu kuwa ba ya gumi. Zafin jikinsa yana tsakanin digiri 40 da 42, kuma idan rana ta take, haki yake yi don ya huce, abin da ke ƙarar da ruwan jikinsa. Busasshen gero ba ya ɗauke da ruwan kirki, shi ya sa kurciya da danginta sai sun sha kullum.

Haɗarin Sama

To, ko sai a kai kaskon bisa soro ko ƙololuwar darbejiya? Nan ma da saura. A wuri mai tsayi wanda babu abin fakewa, ƙaramin tsuntsu yana fili ne ga shaho, wanda ke fyauce irinsu, ga kuma hankaka da shirwa da ke shawagi suna firgita su. Iskar hunturu ta fi ƙarfi a sama, takan zubar da tsaba ta cika ruwa da ƙura. Abin da ya fi waɗannan duka muni shi ne, kaskon da sai an kawo tsani kafin a kai gare shi ba za a riƙa wanke shi ba, kasko mai dauɗa kuwa matattarar cuta ce.

Akwai wata ƙwayar cuta da masana ke kira Trichomonas gallinae, wadda ke zama a baki da maƙogwaron tattabaru da kurciyoyi, tana haddasa wani miki mai launin rawaya da ke hana tsuntsu haɗiya. Tana yaɗuwa ta ruwa da tsabar da mai cutar ya taɓa da bakinsa. Daga shekarar 2005 wannan cuta ta ɓulla a cikin ƙananan tsuntsayen Ingila, inda mutane da yawa ke ciyar da tsuntsaye a bayan gida, kuma cikin 'yan shekaru yawan wani koren tsuntsu mai cin tsaba ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku. Ruwan da ya kwana da yawa kuma yana haifar da sauro, domin daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne kacal a lokacin zafi. Tsabar da ta jiƙe ta yi fumfuna tana iya ɗauke da gubar afalatoksin, wadda aka gano bayan ta kashe talo-talo kimanin 100,000 a Ingila a 1960.

Tsayin Da Ya Dace

Idan aka haɗa waɗannan dalilai, za a ga cewa abubuwa uku ne ke yanke hukunci: irin tsuntsun da ake son ya zo, da maƙiyin da ake gudu, da kuma hannun da zai wanke kaskon. Lafiyayyar kyanwa tana iya tsalle daga ƙasa ta kai kusan mita ɗaya da rabi. Saboda haka kada kaskon ya gaza mita 1.5, watau ƙafa biyar, kimanin kafaɗar babban mutum. A gidan da ke da dogayen awaki masu miƙewa a kan ƙafafun baya, gara a kai shi mita 1.8. Kada kuma ya wuce inda mai kula da shi zai miƙa hannu ya sauke yana tsaye a ƙasa. Wannan hikima ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Ita ce ta sa ake ɗora rumbu bisa duwatsu, ake jibge harawa bisa rumfa, ake kuma rataye ƙwaryar nono a ragaya.

Tsayi kaɗai ba ya wadatarwa sai an duba abin da ke kewaye. Katanga hanya ce ga kyanwa, don haka kaskon da ke mita biyu daga ƙasa amma yana manne da katanga tamkar a ƙasa yake. Ya kamata a bar tazarar kamar mita biyu tsakaninsa da katanga ko rufin ɗaki, da kuma kamar mita uku tsakaninsa da wata duhuwa. Wannan tazara ta isa tsuntsu ya hango mai laɓe kafin ya iso, kuma ba ta yi nisan da zai kasa faɗawa cikin ƙayar magarya ko aduwa idan shaho ya kawo hari ba. Inuwa ma wajibi ce. Gawo ya dace ƙwarai, domin shi da rani yake ganye, ya zubar da damina, darbejiya da tsamiya ma suna yi. Idan ratayewa za a yi, a sa ragaya ko waya mai tsawo a reshen da ya yi nesa da gindin itacen. Idan a kan turke ne, bututun ƙarfe mai santsi ya fi itace, kuma a huda tsohon kwano a kifa shi a jikin turken ƙarƙashin kaskon, don ya tare ɓera mai hawa.

Kurciya da tattabara suna son wuri mai faɗi da za su tsaya sosai, saboda haka faffaɗan kasko ko tire ya fi masu ƙaramin gwangwani. Zurfin ruwan kada ya wuce santimita 3 zuwa 5, a kuma sa dutse a tsakiya don ƙananan tsuntsaye su sami wurin tsayawa. A makarantu da sababbin gidaje masu tagogin gilashi akwai ƙarin haɗari, domin tsuntsu yana ganin hoton sama da itace a jikin gilashi ya yi karo da shi. Binciken Daniel Klem na Amurka ya nuna cewa idan wurin cin bai wuce mita ɗaya daga taga ba, tsuntsun da ya firgita ba ya samun gudun da zai yi masa illa. Don haka ko dai a matso da shi dab da taga, ko a kai shi can nesa.

Kaji Da Gonaki

Kusan kowane gida a ƙasar Daura yana da kaji ko zabi ko tattabaru, kuma bai kamata su sha a kasko ɗaya da tsuntsayen daji ba. Murar tsuntsaye nau'in H5N1, wadda aka fara tabbatar da ita a nahiyar Afirka a Jihar Kaduna cikin watan Fabrairun 2006, ta nuna irin asarar da cutar tsuntsaye ke jawowa. Ɗaga kaskon sama yana raba su, muddin ba a rataye shi bisa akurki ba, inda kashin baƙi zai zuba a abincin kaji. A riƙa zubar da ruwan kullum, a wanke kaskon a shanya a rana, a kuma zuba tsabar da za ta ƙare a yini ɗaya. Idan aka ga mataccen tsuntsu ko mai rashin lafiya, kada a taɓa shi da hannu, a ɗauke kaskon na wasu makonni, a sanar da malamin dabbobi.

Manomi yana da hujja idan ya ce ba ya son a tara masa masu cin gero. Maganin wannan shi ne lura da lokaci. Da zarar damina ta sauka a watan Yuni, ruwa da ƙwari da 'ya'yan ciyawa sukan wadata, sai a daina zuba tsaba har bayan kaka.

Gwaji Don 'Yan Makaranta

Malami zai iya mayar da wannan batu darasi a aikace. A sami kasake uku iri ɗaya, a ajiye ɗaya a ƙasa a tsakiyar fili, ɗaya a mita 1.5, ɗaya a mita 3. A zuba wa kowanne gero cikin gidan ashana biyu da safe. Ɗalibai su zauna nesa su ƙirga irin tsuntsayen da suka sauka a kowane kasko cikin minti 30, su rubuta a jadawali har tsawon mako biyu, suna auna abin da ya rage kowace rana. A mako na biyu a sauya wuraren da aka kafa su, don a tabbata tsayi ne ya kawo bambanci, ba inuwa ko kusancin itace ba. Ajin da ya yi wannan zai fito da alƙaluman tsuntsayen garinsa da hannunsa, zai kuma iya gaya wa mutanen gida inda ya dace su rataya kaskonsu a bazara mai zuwa.