Kiwon kifi da ruwan zartsi: Shin sai an sayi injin tace ruwa?

Duk macen da ta taɓa wanki da ruwan zartsi ta san halinsa. Sabulu ba ya kumfa, buta da tukunya kuma su yi farin dasashi a gindi. Saboda haka ba mu yi mamaki ba idan 'yar kasuwar Baudeta, a yankin Tasawa, da ke son kiwon tarwaɗa a cikin tanki, ko ɗan kasuwar da ke son ajiye kifin ado cikin akwatin gilashi a shagonsa, suka fara tunanin sayen injin nan da masu ruwan leda ke kira RO.

Yadda injin ke aiki shi ne, yana matsa ruwa da ƙarfi ta cikin wani rariya mai ƙananan ƙofofi sosai, har gishirin da ya narke a ciki ya kasa wucewa. Ruwan da ya fita yana zama tas. To amma fa ƙananan injinan gida sukan zubar da lita 3 zuwa 4 kafin su ba da lita 1 mai tsabta. Ke da kike sayen ruwa jarka-jarka a bakin famfo, ki yi lissafin da kanki. Ga shi ana sauya matatun farko duk wata 6 zuwa shekara, rariyar kanta kuma bayan shekara 2 ko 3. Inda ruwa ba ya zuwa da ƙarfi, sai an haɗa da ɗan injin turawa mai cin lantarki.

Abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba shi ne, tarwaɗa da karfasa ba su da matsala da ruwa mai kalsiyam da maganiziyam, wato sinadaran da ke hana sabulu kumfa. Hasali ma kifi na bukatar su wajen gina ƙashi, kuma irin wannan ruwa yakan hana ruwan tanki juyewa farat ɗaya ya yi tsami. Wanda ya zuba kifi cikin ruwan injin zalla yana iya kashe su, shi ya sa masu kifin ado a Turai ke sake zuba masa gishirin da suka biya kuɗi aka cire. Kifayen ado na tafkin Malawi da Tanganyika ma ruwan zartsin suka fi so. Sai irin su diskos na kogin Amazon ne ke neman ruwa maras nauyi, kuma ba mu ga dalilin da mai neman riba za ta fara da su ba.

Abin da ya fi kashe kifi a tanki shi ne yawan abinci da kashinsu da ke ruɓewa. Ki riƙa rage ruwa kina ƙara sabo. Idan na famfo ne mai kulorin, ki bar shi ya kwana a buɗe kafin ki zuba.

Inda injin ke da amfani na gaske kuwa, ruwan sha ne. Jama'ar jihar Maraɗi ba su manta da Tibiri ba, inda daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa 2000 yara suka riƙa shan ruwan rijiyar burtsatse mai sinadarin fuloraid da ya ninka miligiram 1.5 a kowace lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade fiye da sau uku. Ɗaruruwan yara ƙafafunsu suka lanƙwashe, haƙoran wasu da dama suka yi ja. Wannan sinadari ba a jin sa a baki, ba ya hana kumfa, tafasawa kuma ba ta cire shi, amma RO na cire mafi yawansa.

Don haka kafin a fitar da ko jaka ɗaya, a ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta a kai wa ma'aikatan ruwa na Tasawa, Mayahi ko Maraɗi, a nemi a auna fuloraid da gishirinsa.