Idan Injin Mota Ya Ɗauki Zafi

 Yau zancen mota za mu yi. Kada wata ta ce wannan ai na maza ne. Matan da ke tuƙa kansu zuwa wurin aiki suna da yawa, wadda ba ta tuƙi kuwa tana shiga motar maigida ita da 'ya'yanta. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a Sakkwato da Maiduguri yakan wuce digiri 40, a lokacin ne kuma tsohuwar mota ta fi nuna halinta. Wadda ta san abin yi za ta tsirar da injin, ta tsirar da kuɗin cefanen wata da watanni, wani lokaci ma har da fuskar maigidanta.

Da farko mu san yadda abin yake. Inji wuta yake ci, ruwa ke sanyaya shi. Famfon ruwa ne ke tura ruwan ya zagaya cikin injin ya kwaso zafi, ya bi ta tiyo zuwa lagireto, can iska da fanka su huce shi, sannan ya komo. A yawancin motoci injin yana aiki daidai ne a wajen digiri 90. 'Yan makaranta sun san ruwa yana tafasa a digiri 100, amma murfin lagireto yana danne shi, shi ya sa ba ya tafasa sai ya kai wajen 120. Peugeot 504, daga cikin motocin kamfanin da ya fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, haka take aiki, haka ma tsofaffin Golf da Corolla. Volkswagen Beetle ce ta fita daban, don ita iska ke sanyaya ta, ba ta da lagireto.

To, idan kin ga allurar zafi ta doshi ja, ko tururi na fita daga gaba, ki kashe na'urar sanyaya mota, ki nemi gefen hanya ki tsaya, ki kashe injin. Kada ki ce bari in ƙarasa gida tunda ya kusa. Tafiyar minti kaɗan ta isa ta ƙona gasket ko ta sa injin ya buga. Ki fito da yara su zauna a inuwa nesa da titi. Sai tururin ya lafa za ki ɗaga bonet.

Babban kashedi shi ne murfin lagireto. Kada ki buɗe shi da zafi, kada kuma ki bar wani ya buɗe, ko da maigida ne yake sauri. Da an sassauta shi ruwan zai tafasa nan take ya feso a fuska. A jira aƙalla rabin sa'a, a sa tsumma mai kauri, a murɗa a hankali har iskar ta gama fita. Idan tsautsayi ya sa wani ya ƙone, a yi ta zuba ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, a kai shi asibiti. Ban da ƙwai, ban da man goge baki, ban da manja. Haka kuma ba a sheƙa ruwan sanyi a inji mai zafi, don ƙarfen yana iya tsagewa, kamar kofin gilashi da aka zuba wa tafasasshen shayi.

Bayan ya huce sai a nemi dalili. Ki duba ruwa. In ya ragu, ki leƙa ƙarƙashin mota da jikin tiyo ko akwai yoyo. Ki duba fambel, wato bel ɗin da ke juya famfon ruwa da fanka a irin su 504. Ki danna shi da yatsa, in ya lotsa fiye da santimita ɗaya ko makamancin haka, ya saki. In fitilar batir ta kama tare da hawan allura, galibi bel ɗin ne ya tsinke, motar kuwa ba za ta tafi ba sai an sa wani. Ki tattare mayafinki kafin ki sunkuya, domin fankar lantarki takan tashi da kanta ko da injin a kashe yake.

Lokacin da zafin ke zuwa shi ma yana ba da labari. In a cunkoso take zafi, amma da an hau babban titi ta huce, a tuhumi fanka. In a doguwar tafiya take yi, wataƙila lagireto ne ya toshe, ko da ƙura da ƙwari daga waje, ko da tsatsa daga ciki. In allura ta hau jim kaɗan da tayarwa alhali tiyon sama da sanyinsa, tamostat ne ya maƙale, wato 'yar ƙofar da ke buɗe wa ruwa hanya. Wasu makanikai sukan ce a cire shi a yar, wai na ƙasar Turawa ne. Sayen sabo ya fi, domin injin da ba shi da shi yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya riƙa shan mai. In kuwa salansa na fitar da farin hayaƙi, ruwa na ƙarewa ba a ga yoyo ba, baƙin mai kuma ya koma kamar shayi da madara, to gasket ya ƙone. Wannan aikin gareji ne, a jawo motar, kada a tuƙa ta.

Rigakafi dai ya fi magani. Sau ɗaya a mako, da safe kafin a tayar da mota, a duba ruwa da baƙin mai. Ruwan rijiya yana barin farin dasashi a lagireto kamar yadda yake bari a gindin butar shayi, saboda haka a riƙa amfani da ruwan nan mai launi da ake sayarwa don wannan aiki. Amma iyaye mata a kula, yana da zaƙi kuma guba ne. Kada a juye shi a robar lemo, a ajiye shi inda hannun yaro ba ya kaiwa. A bar jarkar ruwa da tsumma da fambel na ko-ta-kwana a but.

Ran da kika je gareji, ki gaya wa makanike lokacin da zafin ke zuwa da abin da kika gani da idonki, ki kuma ce a nuna miki kayan da aka cire. Wadda ta yi haka da wuya a sayar mata da sabon lagireto alhali murfi ne kawai ya lalace.

Allah ya kiyaye hanya. Sai mun sake saduwa.