Indomin da aka cinye a ƙasan motata

Watan jiya na kai tsohuwar motata gareji a Suame Magazine, nan Kumasi, saboda warin hayaƙi ya ishe ni. Bakaniken ya shiga ƙasanta, ya ƙwanƙwasa salansa, ya fito yana dariya. "Alhaji, ai an cinye maka indomi tun kafin motar nan ta sauka Tema."

Indomin da yake nufi wata tukunya ce a jikin salansa, cikinta kamar saƙar zuma. An shafe ramukan da 'yan giram na ƙarafa uku masu tsada: filatinum, faladiyom da rodiyom. Su ne ke ƙarasa ƙona gubar hayaƙi kafin ta fito. Tawa tukunyar fanko ce.

To, me ya sa ake rarake ta? Kuɗi mana. A 2021 oza ɗaya ta rodiyom ta kusa dala 30,000. Faladiyom kuwa, wanda Rasha ke haƙo kusan kashi 40 cikin 100 na duniya, ya haura dala 3,000 a Maris 2022 bayan an fara yaƙin Yukren. Kamfanonin mota sun riga sun fara neman mafita. Tun 2020 BASF na Jamus, tare da kamfanonin haƙar ma'adinai biyu na Afirka ta Kudu, Sibanye-Stillwater da Impala Platinum, suka sanar da wani sabon haɗi na motocin fetur da ke rage faladiyom a cike gurbin da filatinum, wanda a da an fi sanin sa a motocin dizal. Afirka ta Kudun ce ke fitar da kusan kashi 70 na filatinum.

Sai dai arha ba ta daɗe ba. A 2025 filatinum ɗin ma ya yi tashin da aka fi shekara 10 ba a gani ba. Wato mai yankan salansa bai rasa kasuwa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne hancin da ke shaƙa. Ƙungiyar ECOWAS ta amince tun 2020 cewa motar da za a shigo da ita ta kai matakin Euro 4, amma takarda ba ta leƙa ƙasan mota. Mai kokon da ke zaune bakin titi a Aboabo daga asuba zuwa hantsi, ita ke shan abin da tukunyata ta daina tacewa.

Na tambayi bakaniken kuɗin sabuwa. Da ya faɗa, wallahi sai da na zauna a kan benci. Na ce ya nemo mini ta hannu mai kyau, zan dawo ƙarshen wata.