Yadda Ake Gane Farashin Da Ya Dace Da Jif Ta Hannu Mai Ƙarancin Kilomita

Duk mai bibiyar tallan motoci a Jiji ko Facebook Marketplace ya saba ganin hoton 4Runner, Prado ko Hilux an rubuta cewa ba ta yi tafiya sosai ba, sannan a ɗora mata miliyoyin naira sama da 'yan uwanta. Sai dai lambar da ke jikin mitar mota ikirari ce kawai har sai an tabbatar da ita. A wannan maƙala za a duba yadda wayar hannu ke taimaka wa mai saye ya gane ko ƙarin kuɗin ya cancanta.

Lissafin farko

Motocin da ake shigo da su daga Amurka da mil suke ƙirga tafiya, kuma mil ɗaya daidai yake da kilomita 1.6. Motar da ke nuna 60,000 ta yi kusan kilomita 96,000 ke nan. Wasu dillalan kan rubuta lambar ba tare da sun faɗi ma'aunin ba, don haka wannan ce tambayar farko.

A Amurka mota kan yi wajen mil 12,000 a shekara. Ke nan wadda ta shekara goma ana sa ran ta kai mil 120,000. Idan mitarta na nuna 40,000, to ko dai an ajiye ta ne da gaske, ko kuma an mayar da mitar baya, abin da ake yi da kwamfuta cikin mintoci kaɗan.

Lambar VIN

Kusan kowace mota tana da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17, wato VIN. Ana samun ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa, kuma dole ta yi daidai da wadda ke takardun kwastam. A motocin Amurka, harafi na goma ne ke nuna shekara: F na nufin 2015, G 2016, H 2017. Wannan kaɗai kan tona asirin motar da aka sauya wa fitilu da bamba don ta yi kama da sabon yayi.

Shafuka irin su Carfax da AutoCheck suna sayar da rahoton tarihin mota, har da adadin mil ɗin da aka rubuta lokacin sabis ko sauya mai ita. Idan rahoto ya nuna mil 140,000 shekaru uku da suka wuce, yau kuma mita na nuna 65,000, magana ta ƙare. Sanya lambar a Google ma kan fito da hotunan gwanjon Copart ko IAA, inda ake sayar da motocin da suka yi hatsari ko ambaliya ta shanye, kamar dubban da guguwar Harvey ta lalata a Texas a 2017.

Wannan hanya ta fi aiki a kan 4Runner, Tacoma da Lexus GX. Hilux kuwa ba a sayar da ita a kasuwar Amurka, don haka takardun sabis da jikin motar ne shaidarta.

Abin da mita ba ta ƙirgawa

An ƙera jif ne don hanyar da ba kwalta, kuma a nan ne lamba ke yaudara. Tafiya a cikin yashi, laka da ramuka ta fi ta kan lafiyayyen titi cin ƙarfin mota. Haka motar kamfani da ake bari tana aiki a tsaye saboda na'urar sanyaya ciki: injin yana tsufa, mita ba ta motsi. Wadda ta daɗe a ajiye ita ma robobinta kan bushe su fara yoyon mai.

Saboda haka a kai motar gareji mai rami, bakanike ya shiga ƙarƙashi da fitilar waya. A duba tsatsa a jikin shasi, musamman idan motar ta fito daga jihohi irin su Michigan ko Ohio, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. A duba lanƙwasa, sabuwar walda, ko baƙin fentin da aka fesa don rufe aibi. A ciki kuma, robar birki da totur, fatar sitiyari da gefen kujerar direba ba sa yin ƙarya.

Taya ma shaida ce. Alƙaluma huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT suna nuna lokacin da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019.

Kada a manta da gwada giyar 4H da 4L a filin ƙasa. Ana shiga 4L ne bayan an tsaya an sa giya a N. Idan fitilar ta yi ta ƙiftawa ba ta tsaya ba, akwai gyara mai tsada a gaba.

Na'urar OBD2

Wannan ƙaramar na'ura ce da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da waya ta Bluetooth. Da manhaja irin su Torque ko Car Scanner ana ganin matsalolin da kwamfutar motar ta adana, sau da yawa har da nisan da aka yi tun bayan goge su. Idan kilomita biyar kacal ne, akwai alamar an goge wani abu kafin zuwan mai saye.

Fitar da farashi

A tattara aƙalla talla biyar na mota iri ɗaya, shekara ɗaya, inji ɗaya, kada a haɗa tokumbo da wadda aka yi amfani da ita a gida. A misali, a ɗauka an samu miliyan 30, 31, 33, 34 da 40. Na tsakiya, wato 33, shi ne ma'auni, domin mai neman 40 na iya zama mai gwada sa'a. A tuna kuma kuɗin talla ba shi ne kuɗin sallamawa ba.

Daga nan sai a cire kuɗin duk gyaran da bakanike ya lissafa, da la'adar dillali. Idan takardun kwastam ba su cika ba, ragin farashi ba zai hana a kama motar a hanya ba, gara a haƙura.

Ƙarin kuɗi saboda ƙarancin kilomita yana dacewa ne kawai idan rahoton VIN, takardun sabis da jikin motar sun ba da labari ɗaya. Idan ɗaya ya saɓa, a yi tayin motar a matsayin wadda ta yi tafiyar shekarunta. Dillalin da ya hana a ɗauki hoton VIN ko a kai motar gareji ya riga ya ba da amsa.